Matatar Man Motar Baba

Da aka raba gadon mahaifinmu, mota ce ta faɗo a rabona. Ba wanda ya ja da ni, don hankalin maza yana kan gonar. Ni kuwa ina koyarwa a makarantar 'yan mata a ƙauye na uku daga namu, kudu da Makwar, kuma tafiyar ta ishe ni.

Motar ta girmi ɗana na fari, amma Baba bai taɓa wahalar da ita ba. Sau ɗaya a wata yakan je kasuwar Sinnar, ya dawo ya lulluɓe ta da tamfol a ƙarƙashin rumfa. Duk wanda ya leƙa addad, agogon nan mai ƙirga tafiya, sai ya ce sabuwa ce.

Bayan 'yan watanni a hannuna ta fara tari. In na zo hawa gaɓar magudanar ruwa sai ta riƙa shaƙewa. Na kai ta wurin wani dattijon makaniki a kasuwa, wanda kowa ke kira Usta. Ya saurari injin, ya nuna mini wani ɗan gwangwani da tiyo biyu a jikinsa, ya ce wannan ce masfa, matatar mai, yaushe aka canza ta? Na ce ban taɓa jin an canza ba.

Ya ce, "Ɗiyata, mota ba tafiya kaɗai ke tsufar da ita ba, har da zama. Tankin da ya yi shekara da shekaru ba a cike ba tsatsa yake yi. Ga man jarka da kuke saye bakin hanya. Ki bari in aika a kawo sabuwa."

Na ce zan yi shawara a gida. Kuskuren da na yi ke nan, don a gida akwai mijin yayata.

Mutumin nan ya yi 'yan shekaru a Jidda. Waɗanda suka gan shi can sun ce wankin mota yake yi, amma da ya dawo sai ya zama injiniya. Ko keke bai mallaka ba, sai tarin makullai da yake kaɗawa a yatsa. Kullum da la'asar yana gidanmu, daidai lokacin da aka ɗora shayi. Yana jin maganar ya ajiye kofi ya yi dariya.

"Ustaza, mi za a canza? Dubi addad mana! Mota wagga ko hanyar Madani ba ta gama sani ba. Can Saudiyya masfa sai ta yi ninkin wanga goma ba a taɓa ta ba. Tsohon nan aiki yake nema."

Na buɗe baki, sai na ga yayata tana kallona irin kallon nan na roƙo. Inna kuma ta ce, "Namiji ne, ya san mota." Abin da har yau yake ci mini rai shi ne na yi shiru. Ni da nake koya wa yara kimiyya, na bar maganar mai sana'a na bi ta mai surutu.

Sati biyu bayan haka aka yi mana rasuwa a Abu Na'ama. Na ɗauki Inna da Goggo, ƙanwar Baba mai fama da hawan jini, da yayata a baya. Mijin yayata kuwa ya rigaye kowa shiga gaba. Tun daga ƙofar gida yake koya mini tuƙi: ki rage, ki ƙara, ki sa giya ta uku. Mutumin da bai da lasin.

Rana tana tsaka, mun yi nisa da kowane ƙauye, motar ta yi tari sau uku ta mutu. Ya fita da ƙarfinsa ya ɗaga murfin inji, ya tsaya yana kallo kamar an ba shi wasiƙa da harshen da bai iya ba. Ya taɓa batir, ya girgiza wata waya. Sai da na fito na sa yatsa na ce, "Alhaji, ga masfar nan."

"Na gan ta. Duba sauran nike."

Ya ciro ta da ƙyar, ya ce hurawa kawai take so. Ya kafa baki ya busa har jijiyar wuyansa ta tashi. Iskar ba ta wuce ba, sai man ya dawo masa, jajawur da tsatsa, ya wanke masa gemu da gaban farar jallabiyarsa. Ya yi ta tofar da yawu yana zagin masu sayar da mai.

Ban yi dariya ba, don Goggo ta fara ganin jiri. Muka shimfiɗa mata mayafi a gindin wata ƙaya mai ƙarancin inuwa, yayata tana yi mata fifita da murfin kwano, ruwan da muka riƙo ya ƙare. Sai bayan la'asar wani mai tarakta ya tausaya mana ya ja mu. Muka isa gidan makoki an riga an watse, amma ina daga sashen mata ina jiyo muryar mijin yayata a waje yana ba da labarin yadda ya gano matsalar cikin minti ɗaya.

Da muka dawo ban shawarci kowa ba, na sa aka jawo motar har wurin Usta. Usta ya wanke tankin ya sa sabuwar masfa, sannan ya yanka tsohuwar da zarto ya nuna mini. Cikinta cunkushe da jar laka kamar guggubin lalle. Na ƙunsa a leda na kai gida, na ajiye a kan farantin shayi, gaban mijin yayata.

Ya juya ta da ɗan yatsa, ya ce, "Ai wagga ba ta kamfani ba ce, shi ya sa." Bai ko gyara murya ba ya ƙara da cewa ranar Alhamis yana da ɗaurin aure a Kamlin, in ba shi aron motar, akwai wanda zai tuƙa shi.

Na ce, "A'a."

Ya tsaya yana jiran in kawo dalili. Na zuba wa Inna shayi, na zuba wa kaina.