Takardar da Ta Dawo da Kifin Kalmalo

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato a bayan lori, ni da wani abokin aikina, muka nufi Illela. Kafin Gwadabawa haƙorana sun gaji da karo da juna saboda gargadar hanya. A aljihuna akwai takarda mai hatimi daga kamfanin fata da ya ɗauke ni aikin gwaji. Sharaɗinsu a fili yake: in samo masu kawo fatar jar akuya, ko in nemi wani aikin.

Ban taɓa ganin kasuwa irin wannan ba. Raƙuma daga Ƙonni, kanwa da gishiri tuli-tuli, sule da sefa na yawo a hannu ɗaya. Na saki baki ina kallo har jaki ya ture ni.

Aka kai mu wurin fatoma, dattijon da fataken fata ke sauka a gidansa. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na miƙa masa takarda, ina ji da kaina, ɗan boko a zamanin mulkin kai. Ya juya ta, ya cusa ƙarƙashin buzunsa.

"Mi kaka sauri, ɗana? Taho mu tai Kalmalo, an yi rashi."

Raina ya ɓaci. Kasuwa na ci, ni kuwa ina bin tsoho zuwa ta'aziyyar masuncin da ban taɓa gani ba! A bakin tafkin Kalmalo muka tarar da jama'a maƙil. Nan na ga abin mamaki: duk wanda ya miƙo hannu, dattijon nan ya san ubansa, ya san ciwon da ya kwantar da shi bara. Ni kuma abin da ya ce a kaina kawai shi ne, "Baƙona na." Muka yi addu'a, muka sha fura har la'asar. Ba wanda ya ambaci fata. Na fitar da rai da aikina.

Washegari da hantsi sai ga mutum huɗu daga zaman makokin, har da na Garu da na ƙetaren iyaka, jakunansu niƙi-niƙi da fatu. Suna cigiyar baƙon da ya zo gaisuwa.

Da za mu taho, fatoma ya ba ni ƙunshin bandar kifi. Na dawo gida da aikina, na kuma gane cewa sai an zauna da mutane a ranar da ba a neman komai wurinsu. Da na kwance ƙunshin, ashe da takardata aka ƙunshe shi, man kifi ya cinye hatimin.