Tsohuwar da Ta Daina Mita a Hanyar Haɗeja

Kano

Ranar da aka ba mu hutun damina, tun kafin assalatu Kawu Modu, ƙanen mahaifiyata, ya zo ƙofar makaranta ɗaukata zuwa gidanmu a Haɗeja. Ya ɗora akwatina a ka, na bi shi riƙe da takalmana a hannu saboda taɓo. Gari na wayewa muka shiga jirgin Nguru, muka sami benci kusa da taga.

A gabanmu wata tsohuwa ce 'yar Ikko, da doguwar riga har idon sawu, da kwando a cinya, da mafici. Hausa kuwa ko "zo in kashe ki" ba ta ji. Da ta ga rigar makarantata sai ta yi mini Turanci. Sunanta Iya Mariya, za ta Haɗeja wurin ɗanta, malamin asibiti. Ta ce iyayenta daga ƙasar Barazil suka dawo Ikko, shi ya sa in ranta ya ɓaci ba ta yin Yarbanci ko Turanci, sai Fotugis, harshen gidansu. Ranta kuwa ba ya wuyar ɓaci.

Ringim zuwa Gagarawa

Kafin Ringim ta ce "Ke kalor!" ya fi a ƙirga. Yadda kunnena ya ji nake rubutawa. Na daure na tambaye ta, muryata can ƙasa, ko shi ne "It is too hot." Ta tafa, ta kira ni "minina", wai yarinya. Daga nan muka shiga musaya. Jirgi ya daɗe a tasha, ta ce "Ke demora", na ce "Too slow." Ta sayi dafaffen ƙwai na kwabo, ta sansana, ta ce "Nau presta", wato "No good", amma ta cinye shi tas. "Kansada" shi ne "tired". Da ta bugi gwiwa da benci ta ce "Doi!", na ce "It hurts."

Kawu ya ce, "Binta, me tsohuwar nan ke ta karantawa tun Kano?"

Na ce, "Mita take yi, Kawu."

"Da yare biyu? Allah Ya ƙara wa ɗanta haƙuri!"

Duk taragon aka yi dariya, har ita da ba ta ji ba.

Malam Madori

Da la'asar muka sauka. Motar Haɗeja ta riga ta tashi, sai muka kwana gidan wani aminin Kawu, mai awon gyaɗa. Aka ba mu ɗaki ni da Iya, aka kawo tuwon dawa miyar kuka da busasshen kifi. Iya ta duba tabarma ta yi tsaki, ta duba tuwo ta ce "Nau presta", matar gidan na tsaye. Ba a bukatar tafinta, fuskarta ta gama fassara.

Kawu ya ji kunya ƙwarai. Ya kira ni bakin zaure ya ce, "Gaya mata, a ƙasar nan babba ba ya raki. Ko wuta ke cin mutum, in an tambaye shi sai ya ce da sauƙi. Baƙo kuma ba ya kushe kwanon mai gida."

Na koma na faɗa mata ina kallon yatsun ƙafata. Ta naɗe maficinta, ta ce, "To, na ji." Ta sa na koya mata "da sauƙi", ta maimaita har ta iya.

Cikin kwalekwale

Da safe muka hau motar kaya, muka zauna kan buhunan gishiri. Rami bayan rami, Iya ba ta ce uffan ba. Kawu ya ce, "Kin gani? Magana ta shiga."

Kusa da gari ruwa ya cinye hanya, fadama ta zama kogi guda, sai kawunan shinkafa da furannin bado. Muka koma kwalekwale. Mai fito dattijo ne, yana tura gora yana yi wa Kawu tsiya, da yake Babarbare ne, wai Barebari ba su san ruwa ba sai a buta.

Ni dai Iya nake kallo. Iska mai sanyi na kaɗawa, amma gumi na ɗiga daga hancinta. Maficin, wanda kullum yake hannun dama, ya koma hagu. Na daman yana cikin mayafi. Gora ta watsa mata ruwa a riga, ko harara ba ta yi ba. Leɓenta ya yi fari.

Na raɗa mata, "Iya, doi?"

Ta ce, "Da sauƙi."

Na ɗaga mayafin. Hannun ya kumbura har wuyan hannu. Ashe tun da safe kunama ta harbe ta a cikin kwando, ta haɗiye, don an ce babba ba ya raki. Ga tsufa, ga numfashinta ya fara sama-sama.

Ban taɓa katse maganar manya ba. Na ce "Kawu" sau biyu, bai ji ba. Sai na ji muryata ta fito irin wadda ban san ina da ita ba: "Baba mai jirgi, kunama! Ku yi sauri, tsohuwar nan za ta faɗi!"

Kawu ya duba hannun ya ce, "Subhanallahi! Iya, me ya hana ki faɗi?"

Mai fito ya ce, "Kai ka hana ta, mana, ba ɗazu kake ba ni labarin yadda ka hana ta mita ba? Ɗauki ɗaya gorar, Babarbare, yau za ka san ruwa."

Su biyu suka dinga turawa, muka yanke ta cikin shinkafar mutane, ni ina riƙe da kan Iya ina shafa mata ruwa. Wani manomi ya ɗaga murya zai yi faɗa, da ya ga halin da ake ciki sai ya shigo ruwa har ƙirji yana tura mu.

Haɗeja

A gaɓa aka sami jaki, aka ɗora ta, Kawu na tallafe da ita har asibiti. Ɗanta ya fito da gudu ya shige da ita. Muka zauna gindin darbejiya, Kawu na jan carbi, bai dube ni ba. Har aka kira azahar shiru.

Can sai muka ji ta taga, da ƙarfi, Fotugis na zuba kamar ruwan indararo. Da alama allura take zagi, da gadon, da ɗan nata.

Kawu ya ce, "Me take cewa?"

Na ce, "Wannan bai zo a karatunmu ba."

Ya shafa fuska ya ce, "Alhamdu lillahi. Ki shiga ki ce mata ta ƙara."

Da la'asar sakaliya na shiga gidanmu, na tarar Inna ta dama fura. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kawo mu lafiya, sannan ga matar mai awon gyaɗa da ta yi haƙuri, da Baba mai fito, da manomin da muka tattake wa shinkafa, wanda har yau ban san sunansa ba.