Bu Ratmini, mai koya wa masunta cewa "ban gane ba"

Da an idar da sallar asuba, Bu Ratmini ("Bu" lakabin girmama mace ne a wajenmu) za ta zauna gaban kofin shayi ta kara waya a kunne. Muryoyi talatin ke jiranta, na masuntan garin Tegal da ke tsibirin Jawa a Indonesiya, masu neman aikin jirgin ruwa a Koriya. Kowa ya aiko maganar minti ɗaya da Koriyanci, ita kuma ta amsa masa daidai ƙarfinsa. Talata da Asabar a haɗu a barandarta. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ajin nata gauraye ne. Ga 'yan sakandare masu karatu tiryan-tiryan, amma baki a ɗinke. Ga tsofaffin ma'aikatan jirgi da ba su san harafin Koriyanci ba, sai zagi kala-kala. Ita ke haɗa su bibbiyu, wannan ya ara wa wancan ido, wancan ya ara masa baki.

Na yi shekara ashirin a jiragen mutane, na san ciwonmu. Mutumin Jawa ba ya ce wa babba bai gane ba, sai ya sunkuya ya ce "to". A teku kuwa, "to" ɗin nan ya ci yatsu da yawa.

Ga Kasmuri nan, mai 'ya'ya uku. Sau biyu yana faɗuwa ganawar ɗaukar aiki, kuma baɗi shekarunsa za su wuce ƙa'ida. Ina zaune a barandar ranar da ta jefa masa magana da Koriyanci da sauri, ya ce, "To, Bu."

Tsoho Tarjo, ɗan ajin, ya miƙa hannu. "Kawo makullin, ɗan'uwa."

"Na me?"

"Yanzu ka yarda ka ba ni babur ɗinka. Ga shaidu!"

Aji ya kwashe da dariya. Kasmuri ya ce, "Bu, nauyi nake ji."

Ta ce, "Nauyin ne zai riƙe maka igiya? Ɗago kai. Ka ce ban gane ba, a maimaita."

Sati uku tana aika masa saƙon murya da gudu, ba ta karɓar "to" sai ya faɗi abin da ya ji. Ranar ganawa, Wiwit, ɗan ajin da ke bayansa a layi, ya ba mu labari. Mutum biyar suka ce wa Bakoriyen da ke ɗaukar aikin "to". Da aka zo kan Kasmuri, ya ɗago ya nemi a maimaita. Aka maimaita, ya amsa daidai. Mutumin ya ce da tafinta, "Wannan zan yarda ya riƙe mini igiya."

Ke ce, Bu Ratmini, mai kunnen da ba ya gajiya. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya. Ku kuma masu koyarwa, ku je barandar nan ku ga aiki. Watan Kasmuri takwas a jirgi, kuma jiya matarsa ta nuna mini hotonsa yana ɗaga hannu biyu. Na ƙirga yatsun, goma cif.