Matar da Ta Binne Baƙuwa a Gonarta

A ƙauyen Doljae, a gabashin tsibirin Jeju, an yi wata mata mai suna Bu Man-ok. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kuma idan tana magana har maƙwabta sai sun ji, domin ruwa ya kashe mata kunne ɗaya tun tana budurwa, ba ta sanin lokacin da ta ɗaga murya. Sana'arta nutso, kamar uwarta da kakarta. Takan shiga teku da gora da raga da ɗan ƙarfen ɓamɓara, ta riƙe numfashi ta sauka ƙasa, ta kwaso dodon koɗi da ciyawar teku. Idan ruwa ya ƙi shiguwa, sai ta koma gonarta ta sha'ir da dankali.

Ta auri wani masunci, mutum mai sanyin hali, suka haifi 'ya ɗaya, Jong-sim. Wata kaka jirginsu ya fita bai dawo ba, ko guntun katako ba a tsinta ba. Surukarta ta kira boka, aka yanka alade, aka yi ta kaɗa ganga. Boka ya ce mamacin yana can ƙasan teku yana rawar sanyi, sai an sake yanka. Aka sake. A zama na gaba ya dubi Man-ok a gaban jama'a ya ce farar ƙafa gare ta, duk namijin da ya raɓe ta teku zai cinye shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi zagi ba. Tashi ta yi ta ɗauke tukunyar shinkafar da ta ajiye a gabansa, ta ce 'yarta ce za ta ci, ta tafi gida.

Daga ranar mata suka riƙa matsawa idan ta zauna kusa da su. A ƙarshen ƙauyen akwai wata 'yar coci ta dutse da kwano, wadda mutane ke kira gidan 'yan waƙa. Man-ok ta fara zuwa ne ba don ta gaskata komai ba, sai don nan kaɗai ne ake barinta ta zauna ba a janye tabarma. Matar fasto tana koyar da mata karatu bayan sujada, kuma littafin koyon shi ne Littafi Mai Tsarki. Man-ok ta doshi arba'in ba ta san harafi ko ɗaya ba. Ta koya da yatsa, baƙi bayan baƙi, tana karantawa da ƙarfi kamar mai faɗa da wani a bayan katanga.

Faɗan ma takan yi da littafin. Idan ta karanta abin da bai kwanta mata ba, sai ta rufe shi ta ce masa gobe sa ƙarasa. Haka ta yi ta tafiya har ta iso labarin Yunusa, inda yake cewa ruwa ya rufe shi, ciyawar teku ta nannaɗe masa kai, ya yi kira daga can ƙasa kuma aka ji shi. Ta bar tukunya a kan wuta ta tafi wurin matar fasto da littafin a hannu.

"Uwargida, mai wannan maganar ya taɓa nutso," in ji ta. "Ba wanda ya san ciyawar nan tana kama kai sai wanda ta kama. To idan ana jin mutum daga can, mijina ba shi kaɗai yake ba. Ba ya kuma bukatar aladen kowa."

An yi mata baftisma a wannan shekarar. Tun daga nan littafin ya shiga cikin aikinta. Ta karanta cewa Allah ne ya hura wa mutum numfashi a hanci, saboda haka duk lokacin da ta taso daga ƙasan ruwa ta saki fiton nan da masu nutso ke yi, takan ce godiyarta ke nan, ba ta iya wata doguwar addu'a da ta fi ta ba. Idan tana shuka sha'ir a ƙasarsu mai duwatsu, takan tuna mai shukan da irinsa ya faɗa kan dutse, ta ce lallai gonar mutumin nan a Jeju take.

A wata na biyu ake tarbar Tsohuwar Iska, abar bautar da mutanen ƙauyen suka yarda ita ke kawo albarkar teku. Rabin wata ba mai sa ƙafa a teku, kowane gida kuma yana ba da shinkafa don shagalin. Mai tarawa ita ce Yang Gye-wol, shugabar masu nutso, doguwar mace mai kaifin baki wadda ta girmi Man-ok, ita ce ma ta koya mata sauka ruwa mai zurfi. Ta tsaya a ƙofar gida da buhunta.

"Uwar Jong-sim, naki nake jira."

"Yaya, bana babu."

"Shinkafar ce babu, ko kunyar?"

"Shinkafa tana nan. Idan ke ce kike jin yunwa, shigo in dafa miki. Amma iska ba ta da baki."

Gye-wol ta ɗaure buhunta ta tafi. Da aka buɗe teku, ta sanar cewa wadda ba ta ciyar da Tsohuwa ba ba za ta jawo wa sauran mata fushinta ba. Man-ok ba ta da wuri a zagayen duwatsun da suke sauya kaya suna jin wuta, ba kuma mai shiga ruwa kusa da ita. Kowa ya san abin da nutso ba abokiya yake nufi, idan ƙarfe ya maƙale ko numfashi ya yanke ba mai jawo ki. Sun zaci za ta kawo shinkafar kafin mako ya zagayo. Sai ta ɗauki gorarta ta koma Dutsen Hankaka, inda ruwa ke da ja, ta riƙa hura 'yar wutarta ita kaɗai. Tana jin tsoro, musamman idan ta taso ta ga ba kan kowa a saman ruwa sai nata, amma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai littafin.

A coci ma ba ta tsira ba. Akwai Dattijo Hyon, mai gonar lemo da kanti, wanda shi ya sayi kwanon rufin cocin, shi ya sa maganarsa ta fi ta fasto nauyi. Ya kira ta gefe ya ce wannan kora alheri ce, ta bar nutso gaba ɗaya, sana'ar matsafa ce, kuma bai dace mai bi ta riƙa yawo a bakin teku rabi tsirara ba. Ta juyo masa da kunnen da yake ji, ta ce ya sake faɗa. Da ya maimaita, sai ta ce masa ya shinshina littafin da kyau, ƙarnin kifi yake yi, domin mutanen da Yesu ya fara kira masu wankin raga ne, shi da kansa ma ya gasa musu kifi a bakin ruwa. Ta ce ranar da ta karanta inda ya hana, za ta kawo masa gorar ya fasa da hannunsa.

A wannan lokacin mutum ɗaya ce ke sayen ciyawar Man-ok ba ɓoye-ɓoye. Sunanta Nan-hi, baƙuwa ce daga ƙetaren teku, tana zuba wa masunta giya a wani shago na bakin tashar jirage. Maza sun san ta da yamma, da safe kuma ba su san ta ba. Ba wanda ya taɓa tambayarta garinsu. Takan zo ta tsuguna kusa da wutar Man-ok ta ɗumama hannu, ta ce ita ma uwarta mai zuwa coci ce, sai ta yi dariya ta sauya magana.

Da shekara ta zagayo, wata Lahadi cikin kwanakin da aka hana shiga teku, Man-ok ta fito daga sujada ta ga jama'a sun taru a kan katangar tashar. An ga takalman Nan-hi a ajiye, a jere. Ruwan ya yi garau, ana hango jan siket ɗinta can ƙasa, ya maƙale tsakanin duwatsu. An aika wa 'yan sanda a gari, amma sai gobe za su iso. Mazan da suka saba shan giya a hannunta suna tsaye sun harɗe hannu. Mata masu nutso suna tsaye su ma, an ce musu duk wadda ta taɓa ruwa a kwanakin Tsohuwa ta jawo wa ƙauye bala'i, balle a kan wadda ba 'yar kowa ba.

Man-ok ta miƙa wa 'yarta littafin, ta fara kwance rigar cocinta. Dattijo Hyon ya matso ya ce mata da ƙaramar murya yau ranar Ubangiji ce, matar nan kuma ita ta kashe kanta, ta bar hukuma ta yi aikinta.

"Dattijo, kai ka karanta mana labarin mutumin da aka yasar a hanya," ta ce, kowa yana ji. "Biyun da suka ratse suka wuce duk manyan masu ibada ne. Ni ban san ko faɗawa ta yi ko zamewa ba, kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani, kafin gobe kaguwa ta cinye mata fuska."

Ta juya wajen Gye-wol ta ce idan Tsohuwa ta yi fushi, a tura ta gidan Man-ok ɗin, ta san hanya. Sannan ta faɗa ruwa.

Ruwan wata na biyu yanka yake kamar wuƙa. Ta sauka ta taso, ta sauka ta taso, tana yanke siket ɗin da ƙarfenta kaɗan-kaɗan, har gawar ta saki. Da ta jawo ta bakin dutse, ba hannun da ya miƙo. Ta hau da kanta, leɓɓanta sun yi shuɗi, ta goya Nan-hi a baya kamar yadda take goyon ragar ciyawa, ta ratsa ta tsakiyar jama'a suna darewa, ta kai ta gidanta. Ta wanke ta, ta taje mata kai, ta rufe ta da bargonta.

'Yan sanda sun zo sun duba, sun nemi dangi ba a samu ba, suka ce ƙauye ya binne. Ƙauye ya ce ba a ƙasarsa ba. Man-ok ta je ta roƙi wuri a bayan coci, Dattijo ya ce ba a sa irin wannan kusa da masu bi. Faston matashi ne, sabon zuwa bayan an sauya na da, ya tsaya yana kallon takalmansa. Ta ce musu shi ke nan, ai Yesu ma a kabarin wani aka sa shi. Ta ɗauki fartanya ta nufi gonarta, ta tuge sha'ir ɗin da ya fara kai gwiwa a tsakiyar gonar, ta haƙa rami.

Tana cikin haƙa ta ga Gye-wol ta tsallako katangar gonar da ƙunshi a hammata. Farin yadi ne, wanda tsohuwar ta daɗe da tanada don likkafaninta. Ta jefa shi a ƙasa ba ta dubi Man-ok ba.

"Ba don Yesunki na zo ba," in ji ta. "Ni na koya miki ruwa, ran nan kuma na tsaya ina kallo kamar saniya. Abin ya hana ni cin abinci."

"Na sani, Yaya. Kama mini ƙafafun."

Su biyu suka naɗe gawar a yadin suka sa ta a ramin, Man-ok ta karanta Zabura da muryar nan tata, Gye-wol ta zuba 'yar giya a kan ƙasar bisa nata tsarin, ba wadda ta hana wata. Suka ɗauko baƙaƙen duwatsu suka zagaye kabarin da katanga don kada dawakai su taka.

Coci ta hana Man-ok cin jibin Ubangiji, gurasar da masu bi ke ci tare a sujada, na wani lokaci, saboda karya Lahadi da kuma mayar wa dattijo magana. Ba ta fasa zuwa ba. Layin gaba take zama, ta rera waƙa ta danne muryar kowa, ba ta kuma taɓa dacewa da karin ba. Da lokacin ya cika, faston da kansa ya zo gonarta ya tsaya a gaban kabarin ya cire hula, ya ce mata ya yi kuskure da ya yi shiru. Ta ce ta ji, ta ba shi dafaffen dankali.

A shekarar ciyawar teku ba ta yi kyau ba, mutane suka ce ga abin da Man-ok ta jawo. Shekarar da ta biyo ta yi yabanya har raga na yagewa, ba wanda ya ambaci sunanta. Gye-wol ce wata rana ta tura ƙafa ta matsar da kayan wata a bakin wuta, ta ce wa Man-ok ta zauna, ta gaji da hango kanta ita kaɗai a Dutsen Hankaka. Har ta mutu Gye-wol ba ta taka coci ba, Man-ok kuma ba ta ba da ko ƙwayar shinkafa ba, amma tare suke sauka ruwa, kowace tana lura da fiton 'yar'uwarta.

Da tsufa ya kama ta, Jong-sim, wadda ta yi aure a birnin Busan, can ƙetaren teku, ta zo ta tafi da ita. Ba ta yi wata biyu ba ta dawo a jirgin ruwa da ƙunshin kayanta, ta ce gidan sama ba wurin zaman mutum ba ne. Ta ci gaba da shiga ruwa mara zurfi tare da sauran tsofaffi har ta haura tamanin. Idonta ya daina ganin baƙi, sai ta riƙa faɗin abin da ta haddace, tana ƙara nata a ciki, idan aka yi mata gyara ta juya kunnen da ba ya ji. Ta rasu a lokacin girbin dankali, bayan 'yar gajeriyar jinya. Mata masu nutso ne suka ɗauki akwatinta zuwa coci, yawancinsu ranar suka fara shiga, suka zauna a baya suna tambayar juna lokacin da ake tashi da lokacin da ake zama.