Ɗalibanka sun zo, Dakta Abdulmumin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Allah ya karɓi ran Dakta Abdulmumin Yahuza, malamin harshen Rashanci da adabinsa, a wani asibiti da ke kudancin London, bayan ciwon ƙoda da ya daɗe yana cinsa. Ni kam na gaji da rubuta ta'aziyyar tsarana a garin nan, amma taka ba zan bar wa wani ba.

Dakta, da kanka ka ba ni labarin yadda gwamnati ta tura ka Mosko kana saurayi don ka karanto injiniya, ka dawo da digirin adabi. Ka koyar a jami'a a gida har aka rufe sashenku saboda rashin ɗalibai. Ka zo nan, ka ƙare da 'yan kwantiragi a kwalejoji, sai kuma ajin yamma a Stratford, inda kake hawa bas daga Thamesmead ko da ƙafafunka sun kumbura.

Mu 'yan rediyo ba mu raga maka ba. Ɗan Mosko muke kiranka, muna tambayarka me ake ci da Rashanci. Kai kuma sai ka zuba mana shayin nan naka baƙi ƙirin, ka ce mu sha mu yi shiru. Da yaƙi ya ritsa da yaranmu masu karatu a Ukraine, kai muka nema. Ka wuni da waya a kunne kana magana da direbobi da masu gadin iyaka, har ɗan ƙanwata ya fito lafiya. Ko godiya ba ka tsaya ji ba.

A asibiti ka ce da ni, "Umar Faruq, na gaji. Shekara arba'in ina koyarwa, ban san ko ta zauna a kan wani ba." Na ce ka bar wannan magana.

Mun yi maka sutura kashegarin rasuwarka, kamar yadda addini ya tanada. Ɗalibanka na ƙasar nan ba su san haka muke yi ba. A wurinsu ana ɗaukar mako ko fiye kafin a binne mutum, don haka sai ranar Lahadi suka iso gidanka na saman bene, cikin baƙaƙen kaya, da furanni a hannu, suna tambayar yaushe za a yi jana'iza. Sun cika matakala har ƙasa. Akwai tsofaffi, akwai ma'aikatan jinya, akwai wata farfesa da ta taso daga Scotland a jirgin ƙasa.

Matarka, Hajiya Fausia, ce ta gaya musu an riga an kai ka. Ta shimfiɗa musu darduma a tsakanin masu zaman makoki, ta rasa inda za ta sa furannin, ta zuba su a bokitin wanki. Sai farfesar ta miƙe ta karanta wata waƙar Rashanci da ka koya musu. Kafin ta yi nisa duk sun ɗauka tare, ba mai duba takarda. Mu kuwa ba mu gane ko kalma ɗaya ba.

Da suka gama, Hajiya ta juyo gare ni. "Malam Umar, duk waɗannan nasa ne?" Na ce nasa ne. Ta ce, "Da ma ya gani."

Allah ya jiƙanka, Dakta, ya yafe maka kurakuranka, ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara, ya hutar da kai a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Fausia, da 'ya'yanka Zarah da Affan, da dangi na gida, da kuma ɗaliban nan naka da suka zo rakiya suka tarar ka riga ka tafi. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.