Ranar da Baba Ya Yashe Rijiya

A shekarar da sojoji suka koma bariki ruwan rijiyarmu ya fara warin fetur. Gidanmu yana Agege bayan layin dogo, katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani gidan mai. Baba sana'ar goro yake yi. Da ruwan rijiyar nan yake wanke goro kafin a naɗe shi a ganye, da shi rabin layinmu ke alwala, don tun da ya haƙa ta bai taɓa sa mata kwaɗo ba. Goro kuwa akwai ɗaukar wari. Ba a jima ba abokan ciniki suka fara dawo masa da huhun goro.

Sai da muka gaji da kai kuka kafin aka turo masu bincike. Suka huda ƙasa wuri huɗu, suka zura siraran bututu. Tsofaffin layi har da addu'a, wai farar hula sun kawo famfo. Sai ga shi an rufe kowane bututu da murfin ƙarfe an kulle. Shugabarsu, wata injiniya Bayarabiya, ta yi mini bayani cewa waɗannan ba na sha ba ne. Ta nan za su riƙa ɗiban ruwa a kwalba su gane inda man fetur ɗin ya malala a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan za su auna rijiyoyin gidaje, duk wadda aka samu mai a cikinta, dole mai gidan man ya ja wa gidan ruwan burtsatse. Tamu ranar Alhamis.

Ni da bakina na kai wa Baba labari.

"Baƙi za su leƙa mini rijiya tana wannan ɗoyin?" in ji shi.

"Baba, ai ɗoyin suke nema."

"Bokon nan ya cire maka kunya. Wa ke tarbar baƙo da ƙazanta?"

Na ɗauka surutun tsufa ne kawai. Ranar Laraba ina shagon ɗinkina ya kira masu yasar rijiya. Suka kwashe ruwan tas, suka kankare bango, suka fitar da laka. Sannan ya sa 'yan garuwa suka yi ta juye mata ruwan famfo. Na dawo na tarar da tsakar gida jagab, shi kuma yana zaune yana murmushi.

Ranar Alhamis ya sa babbar riga ya tsaya a bakin rijiya. Injiniyar ta zura kwalbarta ta jawo, ta shinshina, ta ɗaga ta a rana. Sai ta dube ni, ta tambaya da Yarabanci, "Oga, an taɓa rijiyar nan kwanan nan?"

Baba yana jin Yarabanci sarai. Ga maƙwabta sun cika gidan. Ɗa ba ya kunyata ubansa a gaban mutane, haka aka rene mu. Na ce mata a'a. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Takarda ta fito, ruwanmu lafiya lau. Kafin ta iso ma warin ya dawo, ya fi na da. Aka ja famfo gidan da ke damanmu, aka ja na hagu, aka tsallake ƙofarmu. Na je ofishinsu sau uku, aka ce aiki ya ƙare, abin da kwalba ta nuna shi aka rubuta. Mai gidan man kuwa ko sannu bai ce mana ba, har gobe ban yafe masa ba. Baba ya sa takardar a gilashi yana nuna wa masu sayen goro, su kuwa ba ruwansu da takarda, goron suke kai wa hanci su ajiye. Kafin shekara ta zagayo ya bar kasuwa.

Wata safiya ya aike ni in sayo kwaɗo, don kada yaran layi su sha. Da hannunsa ya kulle rijiyar, ya ɗauki butarsa zai je gidan maƙwabci roƙon ruwan alwala. A zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Kai da ka san abin da suke nema," ya ce, "me ya hana ka faɗa mata gaskiya?"