Ganyen da Ke Kai Zubi Na Uku

Jiya a kasuwar Tawa wani mai butiki, wato ɗan kanti, ya miƙo mini ganyen shayi, wai sabo ne kuma da araha. Na murza shi a tafin hannu na shinshina, sai Kawu, wan mahaifiyata, ya faɗo mini a rai. Haka yake yi. Yakan tauna ɗan kaɗan, ya ce, “Ganyen da ba ya kai zubi na uku, ko kyauta ne ya yi tsada.”

Wata damina raƙuma suka cinye mini gero a Affala. Mai raƙuman ya zo da 'ya'yansa, takobi a rataye, ni da ƙannena muna riƙe da sanduna. Kawu ya shimfiɗa tabarma tsakaninmu, ya fiddo ganyensa mai tsada wanda ko mu bai taɓa dafa wa ba.

Na ce, “Kawu, shayi za mu ba su?”

Ya ce, “Zamna.”

Kawu ya ɗora butar shayi a kan gawayi. Ya miƙa wa makiyayin kofin farko, mai ɗaci. Mutumin ya riƙe bai sha ba, idonsa a kan sandata. Can ya kurɓa, ya dubi Kawu. Kafin a sauke zubi na uku, takobin na kwance a kan tabarma, shayin kuma da sauran ƙarfinsa.

Jiya dai na mayar wa mai butiki ganyensa mai araha. Allah Ya shayar da kai daga Alkausara, Kawu.